Magaribar Gabas da Kalandar Kano

Wannan wayar da kake ta cusa mini a ido, ɗana, na ga abin da ta rubuta. Kano zuwa Maiduguri, awa ɗaya da 'yan mintoci. To madalla. Tambaye ta wane irin jirgi, me ya ɗauko, iska daga ina take busowa, kuma in an je filin akwai fitila ko babu. Ka ga ta yi shiru. Ku 'yan jami'ar nan, tun da kuka ji Baba Sale ya yi aikin jirgin sama amma bai taɓa tuƙi ba, kuke ta yi mini dariya a teburin mai shayin nan, wai abin da na ƙare ƙuruciyata a kai yanzu danna waya ne. Ku gyara zama, yau sai na wanke kaina.

Ni ɗan Indabo ne. Tun ina ƙarami nake ganin jirage suna sauko da kai ta saman kogin Wudil za su Kano, abin yana damuna. Sama ba titi, ba allo, ba wanda za ka tsaya ka tambaya, to ta yaya mutum yake sanin ya kusa? Na tambayi malamin makarantarmu ya ce ilimi ne, na tambayi kakata ta ce in bar shiga abin da ba ruwana. Da na gama sakandare sai wani kawuna ya samo mini aikin gangara duro-duron mai a wani ɗan kamfani a Kano, mai ƙananan jirage biyu. Aikinsu feshin jan-baki.

Ku da kuka tashi a birni ba ku san jan-baki ba. Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso sai ka ce hadari ne. Su sauka a gonar gero da safe, zuwa la'asar sai kara a tsaye. Da rana ba a iya musu komai, don a warwatse suke. Sai rana ta kusa faɗuwa suke haɗuwa wuri ɗaya su kwana, galibi cikin kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, a fadama, to nan ne jirgi zai bi ta kansu ƙasa-ƙasa ya yi feshi. Ka je da wuri, ba su taru ba, ƙarar jirgi ta kore su, gobe sai an sake neman inda suka koma. Ka je a makare, ka dawo cikin duhu, kuma filayen da muke sauka ba fitila ko ta ƙwai. Tsakanin faɗuwar rana da rufewar ido minti ashirin ne, wani lokacin ma bai kai ba. Mai tsara tafiya shi ne wanda zai cusa tafiya da feshi da dawowa cikin wannan ɗan tsakanin, ya rubuta a takarda ya miƙa wa matuƙi.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Tanko, wani dogon dattijo mai tsamin baki, Allah ya jiƙansa. Ya gan ni ina leƙen taswirarsa sau uku, a na huɗu ya ce tunda idona ya ƙi zama a kan duro, in zo in auna masa Kano zuwa Hadejia. Kayan aikin ba su da yawa: taswira da aka manna a kan kwali, rula, fensir, agogon hannu, da wani faifan lissafi mai juyawa kamar murfin kwano, lambobi zagaye da shi. Sai oba-oba, rediyon da muke magana da matuƙi. Na ɗauko zare na bi titin mota a kan taswira, kwana-kwana, ta Gezawa, ta Gumel, na auna na kawo masa ina ta murna. Ya dube ni ya tambaya ko jirgin nawa zai tsaya shan fura a Gumel ne. Ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe da rula, ya ce wannan ce hanyar, in goge shirmena.

Wata shida ina jan layi kafin ya bar ni in taɓa faifan. A nan na gane abin da har yau yake ba ni mamaki, wato nisa ɗaya ne amma lokaci ba ɗaya ba ne. Da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, in za ka gabas tana tura ka, in za ka dawo tana danne ka, sai dawowa ta fi zuwa tsawo alhali garin bai gusa ba. Da tsakar rana in ƙasa ta yi zafi, jirgi sai ya ci filin kusan duka kafin ya ɗaga, da asuba kuwa rabin filin ya ishe shi. Na tambayi Malam Tanko dalili, ya ce iskar zafi sakayau ce, fiffike ba ya samun abin kamawa. Na kwana uku ina tunanin yadda iska za ta yi nauyi ko rashin nauyi. Babban jirgin da wayarka take faɗa yana zuwa Maiduguri a awa guda, namu kuwa sai ya doshi awa uku, kuma dole a tsaya a hanya a sha mai, man da ni zan riga shi kaiwa a mota tun jiya.

Filayen ma kada ku ɗauka irin na Kano ne. Jar ƙasa ce aka share a bayan gari, wani tun zamanin Turawa. Kafin jirgi ya zo sai na taka filin da ƙafata daga wannan kai zuwa wancan, ina ƙirga taku, ina duba ramin gafiya da gidan tururuwa. Akwai inda na tarar an shanya barkono a tsakiyar filin, akwai inda samari suka kafa ragar ƙwallo. Tutar iska kuwa buhun taki muke farkewa mu ɗaura a gora. Masu kiranmu jami'an gona ne da dagatai, kuma kowannensu gani yake jirgi kamar ɗan acaɓa ne. Wani dagaci ya taɓa kama rigata wai tunda an zo, a ɗan biya ta gonar surukinsa, ai nan kusa ce. Na auna nan kusan nasa a taswira, tafiyar minti tara ce zuwa kawai. Na ce ranka ya daɗe, minti taran nan ba ni da su, ya yi fushi ya hana mu ruwan wanka.

To, ta ina muke sanin faɗuwar rana? Akwai wani ƙaton littafi a ofis mai jadawali da Turanci, amma ban taɓa ganin an buɗe shi ba, ƙofa ake tokarewa da shi. Malam Tanko kalandar lokutan salla yake amfani da ita, irin wadda ake rabawa a masallatan Kano. Ya yanko shafin watan, ya ninke a aljihu. Ya duba magariba, ya rage minti biyar, shi ke nan. Na tambaye shi biyar ɗin na mene ne, ya ce na rage surutu ne. Ni kuma na ɗauka tsantseni ne kawai irin na dattijo, na riƙe shi haka. Shekaru muna aiki tsakanin Kano da Hadejia da Nguru da wannan lissafin, ba a taɓa samun matsala ba.

Shekarar da ta zame mini baƙa, Malam Tanko yana kwance, ƙafa ta hana shi fita, ni ne da taswira. Tun kafin rigingimun gabas ɗin nan ne. Aka aiko cewa jan-baki sun sauka a wani ƙauye can kusa da tafkin Cadi, nesa da duk inda muka taɓa zuwa. Gero ya kai tumu, saura 'yan kwanaki a yanka. Masu leƙe sun gano makwancinsu a wata fadama. Na bi mota da mai da magani, kwana biyu a hanya, muka isa bayan azahar ranar da jirgi zai iso. Filin yana gefen gari, daga ƙarshensa kana hango ɗan masallacinsu na ƙasa. Mutanen gari suka fito kwansu da kwarkwatarsu, muryoyinsu duk sun dishe saboda kwana huɗu suna ihu da kaɗa gwangwani a gonaki. Cikinsu akwai ladanin garin, Malam Bukar, wani siririn tsoho Babarbare mai Hausa rangaɗau. Shi ya kawo mana ruwa, ya nuna mini gonarsa, ita ce ta farko daga bakin fadama. Ya ce jan-baki sun cinye masa gefe ɗaya, amma in aka yi feshi yau abin da ya rage zai kai iyalinsa baɗi.

Matuƙinmu Kyaftin Haruna ya sauka da la'asar. Mutum ne mai wasa, amma takarda in na ba shi ba ya musu, don shekara shida muna tare ban taɓa sa shi kwana a sama ba. Na zaro kalandata. Magariba shida da rabi, na rage biyar, shida da ashirin da biyar. Duhu ke nan bakwai saura kwata. Fadamar tafiyar minti goma sha biyar ce. Na rubuta masa ya tashi shida da biyar, ya isa da ashirin, ya yi feshin minti takwas, ya sauka saura minti biyu ido ya rufe. Lissafi tsaf, har ina jin daɗin kaina. Yamma kuwa hadari ne ya haɗu baƙi ƙirin tun la'asar, ba wanda ya ga inda rana take. Na ga gari ya yi duhu-duhu, na ce hadarin ne.

Ya tashi daidai kan lokaci. Ƙararsa ba ta daɗe da ɓacewa ba sai na ji kiran salla. Na duba agogo, shida da goma. Wallahi abin da ya fara zuwa mini shi ne tsohon nan ya ruɗe, hadari ya yaudare shi, zai sa mutane su yi salla kafin lokaci. Na saɓi oba-oba na nufi masallacin da saurina, ni ga mai ilimi daga Kano. Na same shi ya idar, yana saukowa daga ɗan tudun da yake hawa. Na gaishe shi a gaggauce, na buɗe masa takarda, na ce Baba an yi sauri, saura minti ashirin.

Ya karɓa ya kai ta kusa da ido, ya karanta sunan garin da ke sama, ya miƙo mini.

"Wannan magaribar Kano ce, ɗan nan. Rana sai ta gama da mu take zuwa muku."

Ya nuna mini kaji sun hau, ya nuna jemagu sun fara fita daga kuka. Ya ce shekara talatin yana kiran salla a garin nan, da hadari da babu, kuma duk wanda ya taɓa yin azumi a nan ya je Kano ya san mutanen garin nan ne suke riga shan ruwa. Nan take biyar ɗin Malam Tanko ta faɗo mini. Hadejia gabas take da Kano kaɗan, shi ya sa biyar take isa. Mu kuwa mun yi gabas har mun kusa fita ƙasar, biyar ba ta ko kama ƙafa ba. Agogon ƙasa ɗaya ne, amma rana ba ruwanta da agogo. A makaranta an gaya mana duniya tana juyawa, na rubuta a jarrabawa na ci, ban taɓa kawowa abin zai biyo ni har aljihu ba.

Na kira Kyaftin Haruna. Ya ce shi ma yana ta mamaki, ƙasa ta yi masa duhu fiye da yadda ya saba, amma saura minti biyar ya isa, har yana hango tsuntsayen suna zuba cikin kacalla kamar hayaƙi. Ya ce in na ce ya ci gaba zai ci gaba, in kunna masa fitilar mota kawai. Motar tamu fitila ɗaya ce ke aiki, ɗayar ta fashe a hanya. Ƙarshen filin kwazazzabo ne, kuma na ga sawun shanu ya ratsa tsakiya, alamar ta nan suke komowa gida. In ya ci gaba, zai dawo minti goma sha uku bayan duhu. In ya juyo yanzu, zai sauka da ɗan haske. Amma duk wannan lissafina ne, kuma lissafina ya riga ya ba ni kunya sau ɗaya a ranar.

Mutane sun fara taruwa don salla, sun yi cirko-cirko suna jin muryar da ke fita daga rediyo. Na juya ga Malam Bukar, na tambaye shi hasken nan zai kai minti nawa. Ya ce shi ba ya auna shi da minti. Ya ce in an tayar da salla yanzu, aka idar, aka yi nafila, to kafin a gama tasbihi ba ka gane fuskar na kusa da kai, yau kuma da hadarin nan ko nafilar ba za a kai ba. Na ce Baba ka duba dai, in akwai ɗan ƙari jirgin zai iya yin feshin, gonarka ce a gaba. Ya dubi wajen gonar, ya juyo ya dube ni.

"In na ce maka akwai, na yi ƙarya da alwalata. Kira shi ya dawo."

Na danna oba-oba na ce Kyaftin juyo. Ya tambaya sau biyu ko na tabbata, na ce juyo. Ya sauka ana raka'ar ƙarshe, da maganinsa cike a tanki, tayoyinsa ma da ƙyar na gan su sun taɓa ƙasa. Da ya fito ya dubi sama, ya dube ni, kallon da ya fi mini zagi ciwo.

Na ce gobe ma rana ce, za mu gyara. Kafin asuba hadarin nan ya sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya. Filin ya zama taɓo, ka taka ƙafarka ta nutse har idon sawu. Kwana huɗu jirgi yana zaune ba ya iya tashi, mu kuma muna zaune a gindinsa muna kallon jan-baki suna wucewa ta kanmu safe da yamma. Mutanen gari sun yi ihu har ihun ya ƙare. Ranar da ƙasa ta bushe muka yi feshin, na tsara shi da bakin Malam Bukar, ya tafi daidai ba ko tangarɗa. Amma gonakin bakin fadama sun riga sun zama soshiya, zangarniya tsaye ba ƙwaya. Ba wanda ya zage ni a garin. Har guzurin busasshen kifi suka ba mu, na rasa inda zan sa fuskata.

Da na koma na je duba Malam Tanko na ba shi labari. Ya yi salati, ya ce shi ma haka ya gaji biyar ɗin daga wanda ya koya masa, sai daga baya ya gano dalilinta da kansa, ya ɗauka ni ma zan gano. Na ce ai da ka faɗa. Ya ce ai da na ƙara tambaya. Daga ranar na ciro littafin nan daga bakin ƙofa na kakkaɓe shi, kuma ko da shi a hannuna, duk garin da na sauka ladan nake fara nema kafin dagaci.

Bayan wata huɗu ina hutu a gida, ranar wata Juma'a na shiga kara, kasuwar shanun nan tamu, raka wani ɗan'uwana. Cikin shanun da aka sauke daga motocin gabas sai na ji an ce, "Ɗan Kano." Malam Bukar ne, ya ƙara ramewa, yana tsaye kusa da wasu bijimai biyu farare masu tabon karkiya a wuya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jirgi, ya tambayi ƙafar maigidana da na taɓa ba shi labari. Na tambayi mutanen gida ya ce lafiya lau, sai godiya. Shanun huɗarsa ne. Ya ce dillalan can sun raina su, aka ce masa a Wudil sun fi daraja, shi ya sa ya biyo su da kansa, zai sayi hatsi ya koma. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce abin da Allah ya rubuta ba a gogewa, in bar wannan maganar, shi akwai abin da yake so ya gani.

Bayan an sallame shi na ce mu je gida ya ci abinci, ya ce a'a, in kai shi bakin gadar kogi. Muka tsaya can, masunta suna ta jawo kwale-kwalensu. Ya zaro wani tsohon agogo daga aljihu, ya riƙe a tafin hannu. Can ya ce yanzu a garinsu wanda ya bar wa ladanci yana hawa tudu. Ya ɗaga kai, ga rana jajawur a saman ruwa, ko taɓa ƙasa ba ta yi ba. Ya tsaya yana duban agogo yana duban rana, yana murmushi kamar wanda aka nuna wa dabo, har ta nutse aka kira salla a masallacin tasha.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe takardarka ma ba ƙarya ta yi ba. A garinku gaskiya take faɗa."

Muka yi salla tare. Da aka idar na raka shi wajen motar da za ta gabas, an riga an ɗora masa buhunansa. Ya hau baya ya zauna a kansu, igiyoyin bijiman nan biyu a naɗe a hannunsa.